Shawarwari Ga Gidan Da Ke Da Mai Hawan Jini, Ciwon Suga Ko Sikila

Duk mazaunin Gyadi-Gyadi ko Tarauni a nan Kano maƙwabcin Asibitin Malam ne, wato babban asibitin koyarwa. Wasunmu da ƙafa suke isa ƙofarsa da ke Titin Zariya. An kafa shi a 1988, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a cikinsa. Sai dai akasarinmu mun ɗauke shi wurin da ake garzayawa da mutum bayan ya yanke jiki ya faɗi. Ba kowa ya san cewa a 'yan shekarun nan likitocinsa da malaman Jami'ar Bayero sun sa hannu a manyan bincike-bincike kan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da sikila da ciwon zuciyar masu jego ba, kuma da mutanenmu aka yi su, masu cin tuwo da miyar kuka irinmu. Abin da aka gano, mafi yawansa ba a gadon asibiti ake aiki da shi ba. A madafi ne, da kan tabarmar cin abinci, da cikin ledar magungunan Baba. Ga abin da na tsinto domin amfanin gida. Ba ya maye gurbin likitanku, amma zai sa ku je wurinsa da tambayar da ta dace.

1. A sayi na'urar awon jini, a haɗa da littafi

Hawan jini ba ya sallama. Ciwon kai da jirin da ake jira a ji kafin a ce "jinina ya hau" ba ma'auni ba ne, mutum yana iya yawo da 170 yana cinikinsa a kasuwar Tarauni lafiya ƙalau. Kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan Najeriya suna da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Awo ne kaɗai ke tona shi.

A sayi na'ura mai ɗauri a damtse, ba ta wuyan hannu ba. In kuɗin ya yi wa gida ɗaya yawa, gidaje uku su haɗa, ko kwamitin masallaci ya ajiye guda. Yadda ake awon ma yana da ƙa'ida. A yi fitsari tukuna, a zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, baki a rufe. Kada a auna wanda bai yi rabin awa da cin goro ko shan sigari ko kofi ba. Hannu kuma a ɗora shi kan tebur daidai ƙirji. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna a 2024 cewa ɗora hannu a cinya yana ƙara wa lambar sama kusan 4, barinsa a rataye kuma yana ƙara fiye da 6. Shekara guda kafin nan sun nuna abin da ya fi wannan: idan aka ɗaura wa mai kaurin damtse sosai ɗauri na matsakaicin mutum, lambar kan haura da kusan 20. Hajiyoyinmu masu jiki su lura da wannan, don kada a ƙara musu maganin da ba su buƙata.

Mako guda kafin ranar ganin likita, a auna safe da dare, sau biyu kowane zama, a rubuta da kwanan wata. A asibiti 140/90 ne iyaka, a gida 135/85. In aka ga 180/120, ga ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ko gani ya dushe, ba rubutu za a tsaya yi ba, asibiti za a nufa.

2. Jini ya sauka, ba a daina magani

Nan ne gidaje da yawa suke tafka asara. An sha magani wata biyu, awo ya yi kyau, sai a ce an warke, a mayar da kuɗin kan cefane. Maganin hawan jini kamar abinci yake, na jiya ba ya maganin yunwar yau. Saukar da aka gani aikin ƙwayar ce, ranar da aka ajiye ta jinin zai koma inda ya fito, kuma ba zai sanar ba.

Wasu kuma suna tsorata idan likita ya rubuta ƙwaya biyu ko uku, a ganinsu ciwo ya yi tsanani ke nan. Ba haka ba ne. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Malam yana cikin masu aikin. An gwada haɗe-haɗen magani iri uku a kan baƙar fata 728 a ƙasashen Afirka shida, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jini bayan wata shida. A 2024 kuma gwajin VERONICA, da mutum 300 a asibitocin gwamnati na Najeriya, ya gwada ƙwaya ɗaya tilo mai ɗauke da magani uku ƙanana-ƙanana. Bayan wata shida, jinin kashi 82 cikin ɗari na masu shanta ya daidaita a awon asibiti, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 72. Abin da ya burge ni a nan ba ratar ba ce, ɓangaren na biyu ne: ko da maganin da aka saba bayarwa, mutum bakwai cikin goma sun samu daidaito, don kawai ana bibiyarsu kuma suna sha kullum. Ashe ba magani muka rasa ba, ɗorewa muka rasa.

Da safe za a sha ko da dare? An gwada wannan a Birtaniya da mutum fiye da 21,000, sakamakon ya fito a 2022, ba a ga bambanci ba. A zaɓi lokacin da ba za a manta ba, bayan sallar asuba ko bayan isha'i. Mai sa yawan fitsari ne kawai ya fi dacewa da safe. In amlodifin ya kumbura ƙafa, ko wani maganin ya kawo busasshen tari, ko maigida ya ga rauni a wajen iyali yana jin nauyin faɗa, a gaya wa likita ya canza. Akwai madadi. In kuɗi ne matsalar, shi ma a faɗa, akwai mai sauƙin farashi, kuma a bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na hukumar KSCHMA ta Jihar Kano.

3. Uwargida, tukunya a hannunki take

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai gram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye: na dunƙule, na burodi, na ƙullin taliyar yara, na yajin tsire, na kilishi, na kifin gwangwani. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. A jefa huɗu a miya, a bi da gishiri, a sa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya nuna da wuri, sannan a kawo yaji mai nasa dunƙulen a barbaɗa. Kanwa ma sinadarin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, shi ne kuwa abin da ake gudu a gishiri.

Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya kwatanta mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye da wasu 2,118 masu lafiya. Sakamakon ya fito a 2018. Hawan jini ne uban tafiya, ya shafi kusan tara cikin goma na abin da ya jawo ciwon. Masu ƙara gishiri a abinci bayan an sauke kuwa, haɗarinsu ya ninka na waɗanda ba sa yi.

Kada a yi wa Baba tukunyarsa daban, lami, a bar sauran gida da nasu. Ba zai ci ba, zai aika yaro ya sayo masa tsire a ɓoye. A rage wa kowa, kaɗan-kaɗan. Wannan makon dunƙule uku maimakon huɗu, bayan mako biyu a koma biyu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. A cike gurbin da daddawa wadda ba a cuɗa da gishiri ba, da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, busasshen kifi da tsamiya. Kakanninmu da waɗannan suka yi miya kafin dunƙule ya shigo kasuwa, kuma ba a ji sun koka ba.

Akwai gishirin da aka rage wa sodiyam aka maye da fotasiyam. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an gwada shi a kan mutum kusan 21,000 na kimanin shekara biyar, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari, mutuwa da kashi 12. Amma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi, mai shan maganin hawan jini kuma ya tambayi likita tukuna, don wasu magungunan suna tara fotasiyam a jini.

4. Ganye kullum

A binciken SIREN ɗin nan, waɗanda ba su cika cin ganye ba haɗarinsu ya fi ninki biyu. Wannan ita ce shawara mafi araha a duk jerin: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, tafasa, lansir, kabeji. Kwaɗo ba abincin talauci ba ne. A dai sassauta hannu wajen ƙuli da mai da gishirin da ake haɗa shi da su, kuma kada a dafa ganye da kanwa har ya narke.

5. Sugan da ake sha ya fi wanda ake ci ɓarna

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin gram 50 a yini, cokalin shayi goma sha biyu, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo ɗaya ta rabin lita tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. A dokar kuɗi ta 2021 gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, abin da bai hana kowa saye ba, don haka hanin ya koma hannun masu gida. A duba kofin mai shayi: madarar gwangwani, garin koko mai zaƙi, sukari cokali uku, ga rabin burodi. A duba kunun zaƙi da fura da lamurje da ake ɗura wa sukari.

Zoɓo yana da hujjarsa. A wani gwaji a Jami'ar Tufts ta Amurka a 2010, kofi uku a yini na mako shida sun sauke lambar sama da kimanin 7. Amma gwaji ne ƙarami, na mutum 65 masu ɗan hawan jini kaɗan, kuma ba zoɓon biki ba ne mai sukari da kayan ƙamshin roba. A sha shi da citta da kanumfari, tsaminsa a fili, a matsayin ƙari kan magani.

Zuma tana da daraja a wurinmu, ba na jayayya da wannan. Amma na'urar awon suga ba ta bambanta ta da sukari, duka biyun suna ɗaga lamba. Mai ciwon suga da aka ce ya bar sukari ya koma zuma cokali-cokali, ya auna bayan awa biyu ya gani da idonsa.

6. Mai ciwon suga ba a yanke masa hukuncin tuwon alkama ba

An saba, da zarar an ce mutum yana da suga, sai a raba shi da abincin gida a ɗora shi kan tuwon alkama da wake safe da dare, har ya tsani rayuwa. Alkamar da aka niƙa ta yi laushi ita ma tana ɗaga suga, malmala uku nata ba su fi malmala ɗaya ta dawa alheri ba. Yawan ne abin dubawa. A raba faranti: rabi ganye da miya, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, kwata tuwo ko shinkafa ko acca ko dambu. Gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari tas ba sun fi farar shinkafa da fulawa. Ɗanwake, alala da fate mai ganye da yawa duk suna cikin abin da zai ci.

Mai ƙiba yana da wata dama. A gwajin DiRECT na Birtaniya, kusan rabin masu suga da aka ɗora kan tsarin rage nauyi, kashi 46 cikin ɗari, sun cika shekara sugansu daidai ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Mutanen da ciwonsu bai wuce shekara shida ba ne, kuma ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi. Ba warkewa ba ce ta har abada, in nauyi ya dawo ciwo ya dawo. A nan Kano kuma akwai masu suga da yawa sirara, waɗanda ba su da abin zubarwa, su kada su sa kansu yunwa.

Duk wanda ya kai shekara arba'in, ko yake da mai suga a danginsa, ko matar da ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye, ya yi awon suga da safe kafin karin kumallo. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita an sake samu, ciwon suga ne.

7. A taka ƙasa

Minti talatin na tafiya da sauri, kwana biyar a mako. Wanda zai je Kotu Rod daga cikin unguwa ba sai ya tsayar da a-daidaita-sahu ba. Matan da ba sa fita, zagayen tsakar gida bayan cin abinci yana rage hawan suga, ko na minti goma ne.

8. Ƙafa da insulin

Suga yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa sannu a hankali, mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai sani ba, sai wari ya tona. Yanke ƙafa da yawa daga ƙaramin ciwo suka faro. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, in ido bai gani sosai a sa jika ya duba. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Da hunturu a shafa mai a diddige don faso, ban da tsakanin yatsu. Ba tafiya ba takalmi, musamman a kan simintin masallaci da azahar a watan Afrilu. Kada a miƙa wa mai yankan farce na yawo ƙafa, kada a kankare kaushi da reza, kada a gasa ƙafa a kaskon wuta. Ciwon da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, na asibiti ne.

Rashin wutar lantarki kuma bai isa hujjar ƙin insulin ba. Wani nazari na ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka da Jami'ar Janeba, da ya fito a 2021, ya bi yanayin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Zafin Kano da bazara yana haura 40, don haka sai an yi dabara. Dabarar kuwa tamu ce: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000. A sa kwalbar a roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. In da firji, a sa a ƙofarsa. Insulin da ya daskare ya lalace, a yar.

9. A ji tsoron "haɗi"

Leburan da ya wuni yana aiki, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, duk wurin ɗan kemis suke zuwa a ƙulla musu haɗin ciwon jiki: ƙwayoyi huɗu ko biyar ba kwali ba suna. Cikinsu kan samu diklofenak da ibufrofen a tare, wani lokaci har da irin maganin da ke kumbura fuska ya tayar da suga. Waɗannan suna ɗaga jini, suna ƙwaƙule ciki, suna cin ƙoda, balle ga wanda ya sha su cikin zafi jikinsa ba ruwa. Haka jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika, kwalba ɗaya wai tana maganin suga da basir da sanyi da hawan jini. Ba wanda ya san abin da ke ciki balle adadinsa. Wanda yake shan na gargajiya ya gaya wa likita gaskiya, ba kama shi za a yi ba.

Ƙoda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa. Mai hawan jini ko suga ya yi gwajin fitsari da na jinin ƙoda sau ɗaya a shekara. Kuɗinsa bai kama ƙafar zama ɗaya na wankin ƙoda ba, wanda kuma ake so a yi sau biyu ko uku a mako. Ganowa da wuri tana da amfani yanzu fiye da da, domin gwaje-gwajen 2020 da 2022 sun tabbatar da cewa magungunan dafagliflozin da emfagliflozin suna jinkirta lalacewar ƙoda, har ga wanda ba shi da suga. Likita ne zai ce ko sun dace da mutum.

10. A ga likita tun Rajab

Mai suga da ke son yin azumi ya je a daidaita masa magani mako shida zuwa takwas kafin Ramadan. Ƙa'idojin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da likitocin ƙasashen Musulmi a 2021 sun ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko aka ji rawar jiki da gumi da ruɗewa, ko da saura minti goma a sha ruwa. Malamai da dama sun yi fatawa cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya sananne ne. A jinkirta sahur. A buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, ba bakwai ba. Kunu mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali da lemo a zama ɗaya su ne suke sa wasu su fito daga azumi sugansu ya fi na da. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, da mai ciki mai suga, da wanda sugansa ya taɓa faɗuwa har ya suma a 'yan watannin baya, su saurari likita in ya ce a'a.

11. Mai jego da ke haki ba gajiya ba ce

Akwai ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko 'yan watanni bayan haihuwa, kuma ba a san inda ya fi yawa a duniya kamar Arewa maso Yammacin Najeriya ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta shi, suka zargi wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta da kunun kanwa. An daɗe a kan haka. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam ya jagoranci binciken PEACE a faɗin ƙasa, da mata 406, aka buga a 2020. An samu wurin da ciwon ya kai kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari, amma ba a ga alaƙarsa da al'adun jego ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, rashin aikin yi, rashin karatu, da hawan jinin masu ciki. Wato a rage faɗa da kaka kan tukunyar wanka, a ƙara kula da abin da mai ciki take ci da zuwanta awo.

Wannan bai wanke kanwa ba. Macen da ta haihu da hawan jini, ko ƙafarta a kumbure, kunun kanwa lodin sodiyam ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji. A dama mata kunun ba kanwa. Kuma surukai da mazaje su riƙe waɗannan alamu: haki daga ɗan motsi, kasa kwanciya sai an tara matasai, tari da dare, kumburin ƙafa da ciki, bugun zuciya. Ba a jira a yi arba'in.

12. Yaro mai sikila yana da awon kai

Wannan aikin Kano ne, kuma duniya ta karɓe shi. Idan ba a yi rigakafi ba, kimanin yaro ɗaya cikin goma masu sikila yakan samu shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara ashirin. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura ba ciwo, ta nuna yaron da ke cikin haɗari. A ƙasashe masu hali ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro duk wata, abin da ya fi ƙarfin gidajenmu. Dakta Najibah Galadanci da Farfesa Shehu Umar Abdullahi, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidroksiyuriya a madadinsa. A gwajin SPRING, da yara 220 a Kano da Kaduna, wanda aka buga a 2022, ƙaramin adadi da matsakaici duka sun kare yaran, ba a ga bambanci a tsakaninsu wajen shanyewar jiki ba. Iyaye su tambayi wannan awo a asibitin sikila, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Ruwa da yawa, gidan sauro, rigar sanyi da hunturu, zazzaɓi kuma asibiti a ranar.

Tun watan Mayun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure. A yi shi tun ana gaisawa, kafin a kai kuɗin na-gani-ina-so, lokacin da rabuwa ba ta da zafi. AS da AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma cikin fari ba ya rage wa na biyu komai.

13. Ranar da baki ya karkace

Kowa a gidan, har 'yan makaranta, ya san alamu uku: fuska ta karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Ɗaya ta isa. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. A kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, maƙogwaronsa ba lallai yana haɗiya ba, abin zai iya zarcewa huhu. Kada a ba shi asfirin: a binciken SIREN kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon jijiya ce ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma hoton kai ne kawai yake bambanta wannan da toshewa. Kada a ɗirka masa maganin hawan jini don a sauke shi da gaggawa. Ko alamun sun wuce cikin minti goma ya miƙe yana cewa ba komai, a kai shi a ranar, domin babbar tana iya biyowa cikin kwana biyu.

Addu'a a yi ta a cikin mota. Kada a tsaya jiran babban wa ya dawo daga kasuwa a yi shawara, kada a bari sai gari ya waye. Tun yau a rubuta lambar maƙwabci mai mota ko mai a-daidaita-sahu biyu a manna a bangon falo, kuma in za a fita a ɗauki ledar magungunansa gaba ɗaya a tafi da ita.